Injin wankin ƙoda ya samu, ina likitan? Yadda ake horar da ƙwararrun likitocin ƙoda

A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin kowane zama na wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa naira 12,000 a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta, ciki har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Ebute-Metta. Labarin ya zagaya Agege da Mile 12 da Obalende cikin kwanaki kaɗan, domin da wuya a samu zangon Hausawa a Legas da ba a taɓa yin karo-karo a masallaci saboda mai ciwon ƙoda ba. Ba a yi wata uku ba, a farkon Nuwamba, sai ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta shiga yajin aikin da ya ɗauki kusan wata guda. A nan ne iyalai da dama suka fahimci cewa inji da rangwame ba su ne kaɗai ke tsakanin majiyyaci da magani ba. Akwai mutumin da zai duba shi, ya rubuta yadda za a yi wankin, ya kuma lura da abin da ya biyo baya, kuma samar da wannan mutumin ya fi sayen inji ɗaukar lokaci nesa ba kusa ba.

Sunayen da ake cakuɗawa

Likita iri biyu ne ke da alaƙa da ƙoda, kuma ana yawan ɗaukar ɗaya a matsayin ɗayan. Na farko shi ne likitan mafitsara, wanda asalinsa mai fiɗa ne. Shi ke cire tsakuwar ƙoda, shi ke aikin kumburin ƴaƴan maraina da na toshewar fitsari a wajen dattawa, kuma a nan Najeriya galibi shi ke riƙe da wuƙa ranar dashen ƙoda. Na biyu shi ne ƙwararren likitan ƙoda, wanda ba ya fiɗa. Aikinsa shi ne gano dalilin da ya sa ƙoda ta raunana, da rage saurin lalacewarta da magani, da jagorantar wankin ƙoda, da shirya mutum kafin dashe, da kula da shi tsawon rayuwarsa bayan dashen. Wannan na biyun shi ne abin da wannan sharhi ya sa a gaba.

Sai kalmar feloshif, wadda ake gani a takardun likitoci da tallan asibitoci, da kuma felo, wato mai riƙe da ita. Kalmar ɗaya ce, amma ma'anarta na canzawa da ƙasa. A Najeriya shaida ce ta kammalawa: wanda ake kira felo ya gama horo baki ɗaya, ya ci jarrabawar ƙarshe, ya cancanci a naɗa shi babban likita mai cin gashin kansa, wanda ma'aikatan asibiti ke kira kwansaltan. A Amurka kuwa akasin haka ne, domin felo likita ne da ke cikin horo har yanzu. A Ingila sau da yawa sunan gurbin aiki ne kawai. Don haka idan aka ce wane ya yi feloshif a waje, maganar ba ta cika ba sai an san a wace ƙasa, na tsawon wane lokaci, kuma wace hukuma ce ta ba da shaidar.

Matakan da ake bi a Najeriya

Hanyar tana farawa da shekara shida a makarantar koyon likitanci, sannan shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan shekara ɗaya ta yi wa ƙasa hidima. Daga nan likita zai rubuta jarrabawar share fage ta ɗaya daga cikin kwalejoji biyu da ke ba da shaidar ƙwarewa, kuma dukansu hedikwatarsu na Legas. Ɗaya ita ce Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, take kuma Ijanikin a kan hanyar Badagry. Ɗayar ita ce Kwalejin Likitocin Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1976, ofishinta na Yaba. Wanda ya kammala a ta farko yana rubuta FMCP bayan sunansa, na ta biyu kuma FWACP, wasu kan haɗa duka biyun.

Kwalejojin ba su da gadon majiyyata. Nasu shi ne tsara manhaja, da tantance asibitocin da suka cancanci ba da horo, da shirya jarrabawa. Horon kansa a asibiti ake yinsa, kuma sai asibitin ya buɗe gurbi ya ɗauki likitan aiki. A nan ne mutane da yawa ke maƙalewa, domin akwai masu cin jarrabawar share fage su zauna shekaru suna jiran gurbi.

Wanda ya samu shiga zai yi shekara biyu zuwa uku a matsayin ƙaramin likita mai neman ƙwarewa, yana zagaya sassan cututtukan manya: zuciya, huhu, hanta, jijiyoyi, ciwon suga, da ƙoda. Idan ya ci jarrabawar kashi na ɗaya, sai ya zama babban rajistara, kuma a wannan mataki ne yake zaɓar ƙoda a matsayin fanninsa, ya yi kimanin shekara uku a sashen. Kafin jarrabawar kashi na biyu dole ya rubuta kundin bincike ya kare shi gaban malamai. Idan aka tara, daga shiga jami'a zuwa zama kwansaltan ana maganar shekara 13 zuwa 14 ne, wannan ma in babu yajin aiki, babu faɗuwa jarrabawa, babu jiran gurbi. Yaron da ya shiga jami'a bana, ke nan, sai wajen ƙarshen shekarun 2030 za a fara kai masa majiyyaci a matsayin ƙwararre.

Abin da ake koya a gefen gado

Muhimmin abu game da wannan horo shi ne ba a aji ake samunsa ba. Babban rajistara shi ne wanda ake tasa da tsakar dare idan aka kawo mutum jikinsa ya kumbura, numfashi na yi masa wuya, sinadarin fotashiyam ya hau a jininsa har yana barazana ga zuciya. Zai koyi sanya bututun wanki a jijiyar wuya ko ta cinya da hannunsa, da farko ana tsaye a kansa, daga baya shi kaɗai. Zai koyi rubuta tsarin wankin kowane majiyyaci: awa nawa za a yi, ruwa nawa za a cire, da saurin da jini zai bi ta cikin matatar. Kuskure a nan ba ƙarami ba ne, domin cire ruwa fiye da kima na iya sa jinin majiyyaci ya sauka ƙasa sosai nan take, wanke jinin sabon majiyyaci da gaggawa kuma na iya jawo masa ruɗewa ko farfaɗiya.

Zai kuma koyi ɗebo ɗan tsokar ƙoda da allura ta musamman domin a duba a ɗakin gwaji, wanda shi ne ke bambanta nau'o'in kumburin matatun ƙoda da maganinsu ya sha bamban. Zai koyi karanta gwajin kiriyatinin, wato wani sinadari da ƙoda ke tacewa daga jini, da lissafin ƙarfin tacewar ƙoda, wanda da shi ake raba ciwon ƙoda mai daɗewa zuwa matakai biyar, na biyar shi ne idan lissafin ya sauka ƙasa da 15. Sai kuma fannin dashe: gwajin dacewar jini da na tsoka tsakanin mai bayarwa da mai karɓa, da daidaita magungunan danne garkuwar jiki, waɗanda in sun yi kaɗan jiki ya ƙi sabuwar ƙodar, in sun yi yawa cututtuka su samu ƙofa.

Duk waɗannan sai an maimaita su sau da yawa kafin hannu ya faɗa. Shi ya sa talaucin majiyyata ke shafar ingancin horo kai tsaye, kuma wannan alaƙa ce da ba a cika ambata ba. Ƙa'idar wankin ƙoda ga wanda ƙodarsa ta daina aiki ita ce sau uku a mako, kimanin awa huɗu kowane zama. A kan tsohon farashi wannan ya kai wajen naira 650,000 a wata, a kan sabon kuma wajen naira 156,000, ba a sa kuɗin allurar ƙarin jini da gwaje-gwaje da mota ba, alhali mafi ƙarancin albashi a Jihar Legas naira 85,000 ne. Sakamakon haka yawancin majiyyata sai jiki ya tsananta suke zuwa, su yi wanki ɗaya ko biyu su koma gida, da yawa kuma su daina zuwa bayan ƴan watanni. Likitan da aka horar a irin wannan yanayi yana fita da gogewa mai zurfi a ceton gaggawa, irin wadda takwaransa na Turai ba zai gani ba a shekaru. Amma ba lallai ne ya bi majiyyaci ɗaya shekara uku a jere yana wanki bisa ƙa'ida ba, ballantana ya saba da wankin da ake yi ta fatar ciki, wanda ba a cika yinsa a ƙasar nan ba saboda tsadar ruwan da ake shigo da shi.

Legas tana da tarihi a wannan fanni. A Idi-Araba aka buɗe sashen wankin ƙoda na farko a Najeriya a 1981, kuma a Asibitin St. Nicholas da ke tsibirin Legas aka yi dashen ƙoda na farko a shekarar 2000. Bayan shekara biyu Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara nasa, haka ma na Ile-Ife. Duk da haka dashe bai zama aikin kowane mako a yawancin asibitocin gwamnati ba, kuma kaso mai yawa na wanda ake yi yanzu a asibitoci masu zaman kansu ne. Don haka akan tura mai neman ƙwarewa wani asibitin na ƴan watanni domin ya ga abin da babu a nasa, ko kuma ya nemi fita waje.

Me feloshif ke nufi a waje

A Amurka, likita kan yi shekara uku yana horon cututtukan manya, sannan shekara biyu na feloshif a fannin ƙoda, wasu su ƙara shekara ɗaya a dashe. Likitan Najeriya da ke son bin wannan hanya sai ya ci jarrabawar USMLE ta samun lasisin likitanci a Amurka, kuma a mafi yawan lokuta sai ya sake horon shekara ukun daga tushe, ko da kwansaltan ne a gida. Fannin ƙoda ba ya cikin waɗanda matasan likitocin Amurka ke rububi, saboda aikin na da nauyi kuma abin da ake samu bai kai na likitan zuciya ba, har akan samu guraben da ba a cike ba. Wannan ne ya sa baƙin likitoci suka yi yawa a cikinsa. Bizar J-1 da akasarinsu ke shiga da ita ta tanadi komawa gida na shekara biyu bayan horo, sai dai akwai hanyar ɗage sharaɗin ga wanda ya yarda ya yi aiki a yankunan Amurka da ke ƙarancin likitoci, kuma da yawa ta nan suke zama.

A Ingila horon da hukuma ta amince da shi yana da guraben da aka ƙayyade, ana kuma gasa a kansu. Gefe guda kuma asibitoci kan ɗauki likitoci da sunan felo domin cike giɓin aiki. Mai irin wannan gurbi yana karɓar albashi, yana koyon abubuwa da dama, amma shekarunsa ba sa kai shi ga shaidar ƙwarewa kai tsaye sai ya bi wata doguwar hanya ta tattara hujjoji.

Nau'i na uku shi ne na Ƙungiyar Ƙwararrun Ƙoda ta Duniya, wadda tun 1985 take ɗaukar nauyin likitoci daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su je wata cibiya na ƴan watanni zuwa shekara, su koyi wani abu takamaimai, bisa sharaɗin su koma gida su yi aiki da shi. Likitocin Najeriya da dama sun je Afirka ta Kudu da Masar da Ingila ta wannan hanya. Wannan ƙari ne a kan shaidar gida, ba madadinta ba.

Taƙaddamar ficewar likitoci

A 2025 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa kimanin likitoci 16,000 ne suka bar ƙasar a cikin shekara biyar zuwa bakwai. Ƙwararrun ƙoda kuwa dama ƴan ɗaruruwa ne ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma sun taru ne a manyan birane. Tafiyar kwansaltan ɗaya a irin wannan fanni ba rashin mutum ɗaya ba ce kawai. Kwalejojin suna duba yawan malamai da kayan aiki kafin su sabunta izinin ba da horo, don haka sashen da malamansa suka ragu na iya rasa izinin ko a rage masa adadin waɗanda zai horar.

A 2023 ɗan majalisar wakilai daga Oshodi-Isolo a nan Legas, Ganiyu Johnson, ya gabatar da ƙudurin da zai tilasta wa likitan da ya yi karatu a Najeriya aikin shekara biyar kafin a ba shi cikakken lasisi. Masu goyon baya sun ce da dukiyar talakawa ake tallafa wa karatun likitanci a jami'o'in gwamnati, saboda haka ba adalci ba ne a horar da mutum da arha wata ƙasa ta ci moriyarsa. Ƙungiyoyin likitoci sun ƙi, suna cewa tauye ƴanci ne, kuma ba a ɗaure ma'aikaci da igiya a bar abin da ke korarsa. Sun lissafa albashin da faɗuwar naira ta cinye, da aikin kwana da yini ba hutu, da jinkirin biyan kuɗin asusun horo wanda dokar horar da likitoci ta 2017 ta tanada domin jarrabawa da kwasa-kwasai. Ƙudurin ya tsallake karatu na biyu amma bai zama doka ba. A Agustan 2024 gwamnati ta amince da wata manufa ta daban kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, wadda ta karkata ga kyautata yanayin aiki da jawo waɗanda ke waje su dawo.

Kowane ɓangare na da abin kamawa. Hujjar tallafin karatu gaskiya ce, sai dai ta fi ƙarfi a kan digirin farko. Mai neman ƙwarewa ba ɗalibi ne zalla ba, ma'aikaci ne da asibitin koyarwa ke tafiya a kan wuyansa, kuma kowane yajin aiki na nuna hakan cikin kwana biyu. A ɗaya hannun kuma, ko da an biya albashi mai kyau, wanda ya koyi dashe a waje ya dawo ya tarar babu ɗakin gwajin dacewar tsoka, ko wuta na ɗaukewa ana tsakiyar wanki, zai sake neman hanya. Akwai kuma wata rigimar da ke ƙara sanyaya gwiwa, wato saɓanin da ke tsakanin likitoci malaman jami'a da hukumomin ilimi kan ko feloshif ya kai matsayin digirin digirgir wajen ƙarin girma da neman shugabancin jami'a, wanda yana cikin abubuwan da suka kai ƙungiyar manyan likitoci ga yajin aikin gargaɗi a Nuwamban 2024.

Yadda abin ke isowa ga majiyyaci

Illar farko ita ce makara. Ciwon ƙoda mai daɗewa ba ya ciwo a farkonsa, kuma manyan sabubbansa a nan su ne hawan jini da ciwon suga da kumburin matatun ƙoda, sai sikila da cutar ƙanjamau. A kan waɗannan akwai abubuwan da ke ƙara wa ƙoda nauyi, kamar yawan shan magungunan kashe ciwon jiki da ƴan dako da masu acaba ke saya a kemis ba tare da takardar likita ba, da haɗe-haɗen gargajiya da ba a san abin da ke ciki ba, da man shafawa na sauya launin fata mai ɗauke da sinadarin makuri. Tun 2010 bincike ya gano wasu nau'o'in ƙwayar halitta mai suna APOL1, waɗanda suka yawaita a Afirka ta Yamma, kuma suna ƙara haɗarin ciwon. Ƙwararren da ya ga mutum a mataki na uku zai iya jinkirta masa wanki na shekaru da ƙwayoyi masu sauƙin kuɗi. Idan ƙwararrun sun yi kaɗan, lokacinsu na ƙarewa ne a kan waɗanda suka riga suka kai mataki na biyar, sauran kuma su jira watanni kafin ranar ganin likita.

Illa ta biyu ta shafi cibiyoyin wanki masu zaman kansu, waɗanda suka yawaita a Legas fiye da yawan ƙwararrun da za su tsaya a kansu. A wasu, kwansaltan ɗaya ne ke leƙa wurare da dama, aikin yau da kullum kuma yana hannun ma'aikatan jinya da ƙaramin likita. Ma'aikacin jinya da ya ƙware a wanki ginshiƙi ne, shi ma horo na musamman yake yi, kuma su ma suna ficewa. Haƙƙin iyali ne su tambayi sunan ƙwararren da ke kula da cibiya, da ranakun da yake zuwa, da wanda za a kira idan wani abu ya taso ana cikin wanki. Hukumar Kula da Likitoci ta Najeriya ce ke rajistar ƙarin shaidar ƙwarewa, don haka abin da ke rubuce a allon ƙofa ba shi ne hujja ta ƙarshe ba.

Ga Hausawan Legas akwai ƙarin lamari, domin da yawa ƙafarsu ɗaya na nan, ɗaya na gida. Wasu kan taho da iyayensu daga Gashuwa ko Nguru ko Haɗeja, yankunan da aka daɗe ana kokawa da yawan ciwon ƙoda, wasu kuma idan ciwo ya yi tsanani sai su kwashe majiyyaci zuwa Kano ko Maiduguri ko Damaturu inda dangi suke, musamman da yake Jihar Yobe na yi wa mutanenta wanki kyauta. Kowane irin wannan sauyi yana nufin sabon likita da bai san tarihin mutum ba. Cibiyar da za ta karɓe shi za ta nemi takardar likitan da ya fara duba shi, da sakamakon gwajin ciwon hanta nau'in B da C da na ƙanjamau na kwanan nan, da jerin magungunansa, da nauyin da ake saukar da shi a kai bayan kowane wanki. Rubuta wannan takarda aikin babban rajistara ne, kuma a ranakun da asibiti ke cike yakan ɗauki kwanaki, saboda haka ana nemanta ne tun kafin a sayi tikitin mota, a kuma tabbatar da ranar wanki a can kafin a bar Legas, domin tafiyar Legas zuwa Kano a mota takan ci kaso mai yawa na tazarar da ke tsakanin wanki da wanki.